Tsohuwar Porsche da Sabuwar Lamborghini: Gardamar Teburin Mai Shayi

Tun bayan ƙaramar salla wata gardama ta kama teburan masu shayi na unguwar nan, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wannan karon siyasa da ƙwallo sun huta, maganar mota ake yi, motocin ma da babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa riƙe sitiyarinsu. Samari ne suka samo bidiyo a waya, na Turawa da ke jera wata tsohuwar Porsche da aka sake ginawa kusa da sabuwar Lamborghini suna gwada su. Shi ke nan, unguwa ta rabu biyu. Yara na bayan Lamborghini, direbobi da bakanikai masu furfura na bayan tsohuwa. Mu da ke zaune a bakin shago tsakanin Azahar da La'asar, kowa ya zo sai ya ce mu raba gardama. To, mu dai 'yan kasuwa ne, kuma ɗan kasuwa yana da tambaya biyu da yake yi wa kowace haja: me ake saya a nan, kuma in ta lalace wa zai gyara? Da wannan mudun za mu auna su.

Bari mu fara da tsohuwar, don ita ce ke buƙatar bayani. Porsche kamfanin Jamus ne. A shekarar 1963 ya nuna wata ƙaramar motar gudu a kasuwar baje kolin motoci ta Frankfurt, ya sa mata suna 901. Sai kamfanin Peugeot na Faransa ya ce bai yarda ba, shi ke da haƙƙin sunan mota mai lamba uku da sifiri a tsakiya. Ku tuna 404 da 504 da 505 da muka tashi muka gani a tituna. Jamusawa suka cire sifirin suka sa ɗaya, ta koma 911. Ashe Fijo ɗinmu ce ta raɗa mata suna, ba mu sani ba.

Duk wanda ya taɓa tura Bitil, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke ce wa Ijapa, wato kunkuru, ya riga ya san rabin sirrin 911. Inji a baya yake, but a gaba. Babu lagireto, babu ruwa, fanka ce ke hura iska a kan injin, baƙin mai kuma na taya ta kwashe zafi. Dangantakar ma ta jini ce. Ferdinand Porsche ne ya tsara Bitil, jikansa kuma ya zana jikin 911. Dattawanmu da suka yi aiki ko talla a bakin masana'antar Volkswagen ta Ojo, a hanyar Badagry, wadda ta fara harhaɗa Bitil a 1975, sun san ƙarar irin wannan injin ko da idonsu a rufe. Bambancin shi ne Bitil silinda huɗu gare ta, 911 shida, a kwance, uku dama uku hagu. Ta farko lita biyu ce, ƙarfin doki 130. Yau wata Camry ta tokumbo ta fi ta ƙarfi nesa. Haka suka yi ta ƙera ta da iska har 1998, lokacin da dokokin hayaƙi da na ƙara a Turai da Amurka, da neman ƙarin ƙarfi, suka tilasta wa kamfanin komawa ga ruwa kamar kowa.

Amma wadda yara ke gani a bidiyo ba haka ta fito daga Jamus ba. Wani Bature ɗan Ingila, Rob Dickinson, wanda a da mawaƙi ne, ya buɗe gareji a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2009, ya sa masa suna Singer. Kar teloli su yi murna, babu ruwansa da keken ɗinki. Ga yadda aikin yake: kai ne za ka kawo motarka, 911 ta tsakanin 1989 da 1994, irin da masu sani ke kira 964. Za su warware ta kaf, har sai ƙashinta ya tsaya tsirara. A kankare fenti, a bi tsatsa lungu-lungu a yanke, a yi walda inda ya raunana. Sannan a cire mafi yawan fatar ƙarfe a sa ta zaren kabon, wani abu mai kama da saƙar tabarma da ake daskararwa da danƙo, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Injin a buɗe shi har noti na ƙarshe, a faɗaɗa shi ya kai lita huɗu, ya ba da ƙarfin doki wajen 390. Sabon wayarin, sabon burki, sabon shakazoba, kujeru a ɗinka su da fata da hannu. In an gama, siffarta ta koma ta 911 ta kafin 1974, mai dogon bonet da ƙananan fitilu, amma cikinta sabon jini ne. Ana ƙiyasta aikin mota ɗaya da wajen awa 4,000. Ku raba da awa takwas a rana, kwana 500 ke nan na mutum ɗaya, ba Juma'a ba Lahadi.

Ita kuwa amaryar, daga Italiya take. Wadda aka fi nunawa ita ce Huracán, da ta fito a 2014 aka yi ta ƙera ta har 2024. Silinda goma, lita 5.2, ƙarfin doki 610, taya huɗu duk suna ja. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa uku da ɗan ɗoriya. Kafin ka gama amsa sallama ta wuce. Ƙarshen gudunta ya kai kilomita 325. Babu kuloci a ƙafa, babu sandar giya, wasu 'yan faifai ne a bayan sitiyari kake taɓawa da yatsa, ko ka ƙyale ta ta sauya da kanta. A cikinta akwai na'urori da ke auna karkatarta da juyawarta a kowane ƙiftawar ido, su gaya wa ƙwaƙwalwar motar, wadda bakanikanmu ke kira biren-bos, ita kuma ta raba ƙarfi tsakanin tayoyi, ta taɓa burkin wannan ta saki na wancan, tun kafin direba ya san ya yi kuskure.

Wani abin da ya ba mu dariya da muka bi asali: shi kansa Ferruccio Lamborghini bakanike ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa tattara ragowar kayan motocin soja yana haɗa tarakta ga manoma, da haka ya yi arziki. Labarin da shi da kansa ya riƙa bayarwa shi ne ya sayi Ferrari, kulocinta ya dame shi, ya kai ƙorafi ga mai kamfanin, aka raina shi a matsayin mai tarakta, ya yi zuciya ya kafa nasa kamfanin motar a 1963, shekarar da aka nuna 911. Yau kuma duka biyun 'yan gida ɗaya ne: Audi ta sayi Lamborghini a 1998, Audi da Porsche kuwa duk suna ƙarƙashin inuwar Volkswagen. Wato samarin da ke zage-zage a teburin shayi, kan 'yan uwan juna suke faɗa.

To, a gaskiya, in gudu ne, yara sun yi gaskiya, kuma bai kamata manya su yi ta musu a kan abin da agogo ya riga ya yanke ba. A tashin farko tsohuwar ba ta jin kunya, don nauyinta bai fi kilo 1,200 da wani abu ba, Huracán kuwa ta haura 1,400. Amma da hanya ta miƙe, sai dai ta ga ƙura. A kwana ma haka. Mota mai inji a bayan tayar baya tana da wani hali da tsoffin direbobin kombi suka sani: in ka shiga kwana da gudu ka tsorata ka ɗage ƙafa daga totur, sai gindin ya nemi wuce kai, kamar buhun da aka ɗaure a ƙarshen igiya. Akwai wata 911 mai turbo ta 1975 da Turawa suka yi wa laƙabi da mai mayar da mata zawarawa, saboda wannan hali. Masu gyara sun lallashe shi da faffaɗan taya da shakazoba mai kyau, amma ba su kashe shi ba. Lamborghini kuwa, yaron da ya karɓi lasisi bara zai iya taka ta, kwamfuta ta rufa masa asiri. In kuma ƙaddara ta faɗa aka yi karo, sabuwar ce aka gina da dokokin kariya na wannan zamani. Mai iyali ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Nan ne ɗan kasuwa zai gyara zama. Wadda ta fi gudu, ta fi kariya, ta fi sabunta, ita ce ta fi araha. Lokacin da Huracán ta fito, kuɗinta a Amurka wajen dala dubu 240 ne. Tsohuwar da Singer ya gyara takan ninka wannan, ban da kuɗin motar da kai ka kawo, kuma an sayar da wasu a gwanjo sama da dala miliyan ɗaya. Akwai ma wata ta musamman da suka yi da injiniyoyin Williams, masu motocin tsere na Ingila, guda 75 kacal, mai ƙarfin doki 500, da aka sa wa wajen dala miliyan ɗaya da dubu 800. Kai jama'a! Motar da aka yi rajistarta tun zamanin Babangida.

Wani yaro da ke taya mu a shago ya ce, "Baba Liman, ai wannan hauka ce ta masu kuɗi, sun rasa inda za su kai shi." Muka ce, "Ɗana, akwai haukar a ciki, amma ba ita kaɗai ba ce. Je ka tambayi masu sayar da hula, me ya sa zanna bukar ta hannu ta fi ta inji tsada, alhali ta inji ta fi daidaita zare?"

Abu na farko yawa ne. An ƙera Huracán sama da dubu 20. Irin gyaran Singer na asali kuwa, sun rufe karɓar oda a 2022, a kan mota wajen 450. Kayan da suka yi yawa a kasuwa, kowa ya san makomar farashinsu. Sannan ita sabuwa tana da kishiya a hanya kullum. Ga shi tuni an maye gurbinta da wata mai suna Temerario, mai haɗin fetur da batir, babbar yayarta Revuelto kuma ta 2023 ta haura ƙarfin doki dubu. Wanda ya sayi mota don a ce tasa ce ta fi gudu, bayan shekara uku maƙwabcinsa zai shigo da wadda ta fi ta. Ita tsohuwa ta riga ta gama tsufa, babu sauran abin da shekara za ta rage mata. Irin ta wayar hannu ke nan da tsohuwar tukunyar tagulla ta gado.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi damunmu, maganar gyara. Kada a ce mun zuzuta: tsohuwar ma tana da ƙaramar kwamfuta da ke raba mata mai, kuma fatar kabon ɗinta ba ta fanal-bita ba ce, in ta tsage guduma ba ta da aiki. Ita ma tana da tsirfarta, tana shan baƙin mai sama da lita goma, kuma irin injin nan ya yi suna wajen ɗigo. Amma asalin ginin na sifana ne. Bakanike mai hankali zai iya sauke injin, ya buɗe shi a kan tebur, ya auna fistin, ya sauya ringi, ya mayar. An yi mata haka bayan shekara talatin, za a iya sake yi bayan wata talatin ɗin, don akwai kamfanoni da yawa a Jamus da Ingila da Amurka da ke ƙera kayanta har yau. Huracán fa? Fitila ɗaya ta kama a allon gaban direba, sai an jona mata kwamfutar da ta san yarenta, kuma cikakken yaren yana hannun kamfani da dilolinsa. Giyabos ɗinta kuloci biyu gare shi a rufe, kwamfuta ke sarrafa su. Ƙashinta haɗin alminiyon ne da kabon, mai walda na bakin titi ba shi da ta cewa. Burkinta na wani irin tangaran ne mai jure zafi, in ya guntule ba a wasa shi, sai dai sabo, da kuɗin da zai sayi ƙaramar mota. Kana da makulli a aljihu, takardu na ɗauke da sunanka, amma ilimin motar na wani ne. A wurinmu wannan rabin mallaka ne.

Su ma can sun gane haka. A jihar Massachusetts ta Amurka sai da jama'a suka kaɗa ƙuri'a a 2012, suka sake a 2020, don a tilasta wa kamfanonin mota su buɗe wa ƙananan gareji bayanan gyara. Wato bakaniken unguwa a can ma kokawa yake yi kada a rufe masa ƙofa.

Maganar hawa su a Legas kuwa, a taƙaice za mu yi ta. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce. Da gudun Huracán na ƙarshe minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Da safiyar Litinin kuwa, ita da danfo tare za su tsaya a gosulo, kwandasta na leƙa ta ta sama. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ma kilomita 100 ta yarda wa ƙaramar mota a babbar hanya. Cikinta dab da ƙasa yake, har sai da aka yi mata maɓallin ɗaga hanci 'yan yatsu don ta haye tudun rage gudu, to ina ga ramukan damina da ruwan da ke kwanciya a Lekki? Lita ɗaya da ƙyar take kai ta kilomita shida a cikin gari, ga fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda yake. Tsohuwar ma ba ta tsira ba: injin da iska ke sanyayawa ba ya son tsayuwa wuri ɗaya cikin rana. Duka biyun ba don titinmu aka yi su ba, a bar wannan a nan.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, da muka zauna muka kalli yadda ake warware tsohuwar nan a bidiyo, sai muka ga ai aikin da muka sani ne. Wace rana ce ba a yi a Mushin? Danfon da ke kai mu Oshodi, akasarinsu Volkswagen ne na shekarun 1980, da yawa injin da ke cikinsu ba shi suka zo da shi daga Jamus ba. A Ladipo za ka sayi rabin mota da aka yanko daga Turai ko Japan, a ɗauko maka a kafaɗa. Mun ga Marsandi mai injin Toyota, mun ga Fijo mai giyabos ɗin wata motar, yanzu ga masu juya mota ta koma shan gas. Yaranmu da ke kwance a ƙarƙashin motoci daga safe zuwa Magariba suna da hannun. Wani ma da kunne kawai zai gaya maka wace silinda ce ba ta ci. To me ya sa gyaran Kalifoniya ke ninka darajar mota, namu kuwa da mai saye ya ji an taɓa inji sai ya rage tayi?

Kuɗi da kayan aiki na ciki, babu musu. Mai gareji a ƙarƙashin gada ba shi da ɗakin fenti mai hana ƙura, ga masu karɓar haraji iri-iri, ga barazanar tashi kullum. Amma akwai abin da bai shafi kuɗi ba. Su can gyaran ne abin tallarsu. Motar tana riƙe da lambar casis ɗinta ta asali, kamfanin na faɗa a fili cewa shi ba Porsche ba ne, gyara ya yi. Abin da aka cire da abin da aka sa duk a rubuce, da hotuna, mai saye na biyu da na uku za su gani. Mu kuwa gyara abin ɓoyewa ne. A cike tsatsa da fila a shafa fenti, a mayar da mita baya, motar da ruwa ya ci a Amurka a wanke ta a ce matar likita ce ta hau ta zuwa coci kawai. Wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki ko a Risala ne ya san hukuncin ɓoye aibin haja, ba sai mun maimaita ba. Ta fuskar kasuwa ma hasara ce ga kowa: tun da mai saye ba zai iya bambance gyaran kirki da na algus ba, sai ya yi wa duka kuɗin algus. Bakaniken da ya ɓata sati uku yana auna komai da wanda ya ɗaure da waya ya rufe bonet, lada ɗaya suke samu. Wa zai ci gaba da ɓata sati uku?

Sai kuma gamawa. Duba irin aikin Singer, ko ƙarƙashin kafet da babu mai gani an gyara shi kamar fuska. Namu injin zai yi kyau, amma noti biyu sun ɓace, wayoyi na lilo an naɗe da leda, sitiyari da tabon baƙin mai. Wannan ba laifin yaro ba ne, abin da ya ga maigidansa na yi ne.

Kada kuma dattawa su yi saurin tafi, don ɗaya ɓangaren na yara ne. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tokumbon da ke sauka a Apapa da Tin Can yanzu sun fi kama da Lamborghini fiye da 504. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike ta faɗi ciwonta da lamba. Corolla da Camry da Sienna na yau cike suke da sensa, ga masu haɗin batir da fetur suna ƙaruwa, waɗanda wayoyinsu masu ruwan lemo ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe mutum in ya taɓa da jahilci. Mun sha ganin mota ta shiga gareji da ƙaramar matsala, a yi ta canke, a sauya fulogi, a sauya famfon mai, a sauya biren-bos, mai ita ya yi ta biya, ashe sensa ɗaya ce ta 'yan dubbai. Yaron da ya yi shekara biyar yana koyon kafireta kaɗai, ranar yaye shi, wadda a nan ake ce wa firidom, za a yi shagali a ci shinkafa, ya fito ya tarar motocin da ya iya sun ƙare a titi.

Don haka iyayen da ke zuwa mana neman shawara kan inda za su kai yaro koyon aiki, ga abin da muke ce musu: ku je garejin da kanku, ku zauna awa ɗaya. Ku duba ko maigidan yana da na'urar bincike kuma yana barin yara su riƙe ta, ko kuwa a aljihunsa take kamar laya. Ku duba ko ana buɗe inji a gyara, ko sai dai a sauke a je Ladipo a ɗauko wani. Ku duba inda ake ajiye noti in an kwance, a cikin kwano ko a cikin ƙasa. Sannan kada a cire yaro daga makarantar boko gaba ɗaya don gareji, na'urar da Turanci da lamba take magana. Islamiyyarmu ta dare ma za ta iya ware awa ɗaya a mako, cikin samarinmu akwai masu difloma da ke zaune, su koya wa 'yan gareji karanta waɗannan lambobin. Mun faɗa wa kwamitin makaranta, muna jiran amsa.

In an matsa mana sai mun zaɓa tsakanin biyun, tsohuwar za mu ɗauka, dalili kuwa na ɗan kasuwa ne: haja ce da ba ta tsoron shekara, kuma wadda za ka iya kai wa mai gyara fiye da ɗaya ka yi ciniki. Amma ita ma tana da nata laifin da masoyanta ba sa so a faɗa. An ƙera 964 sama da dubu 60, a da ita ce marar gata a dangin 911, mai matsakaicin ƙarfi na iya saye. Da masu gyara suka fara wawashe ta, sai farashinta ya tashi, talakan masoyin mota a Turai ya koma kallo. Wasu kuma na kukan cewa ana yanka motoci masu lafiya don a yi wa attajirai abin wasa. Mu da muka ga yadda 'yan kasuwa ke tashin farashin rago ana saura sati salla, wannan bai ba mu mamaki ba.

Mu ma muna da tamu 911 ɗin, ko da yake ba ta gudu ba ce. Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, shekarar da irinta ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka, aka kuma ci gaba da yin ta a ƙasar nan har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransa ta daɗe da dainawa. Ita ta yi ta kawo iyayenmu daga Kano da Sakkwato zuwa nan, mutum bakwai da buhuna a sama. Yau 'yan uwanmu masu gwangwan ne ke saran su da gatari, ana aunawa a kilo. Ba mu ga laifinsu ba, sana'a ce, kuma halal. Amma duk wadda aka sare ta tafi ke nan, Kaduna ba ta sake yin wata.

Akwai guda ɗaya, doguwa mai ɗaukar iyali, a bayan garejin da ke kusa da makabarta, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar baya. Samari huɗu 'yan gareji, biyu daga cikinsu ma 'yan bayan Lamborghini ne, sun zo mana da maganar suna so su haɗa kuɗi su saye ta kafin masu gwangwan su riga su. Niyyarsu su warware ta kaf a ranakun Lahadi, su ɗauki hoton kowane mataki da waya, su rubuta duk abin da suka sauya a littafi, in sun gama su ga nawa kasuwa za ta taya. Maigidansu ya leƙa ƙarƙashinta ya ce ƙashin bai ruɓe ba sai wajen ƙafar direba, injin kuma yana juyawa da hannu. Matsalar takardu ce. Mai motar ya rasu shekara shida da suka wuce, ba a raba gadonsa ba, magada tara ne, wasu a nan wasu a Arewa, kuma babu mai ikon sayar da ita shi kaɗai. Mun rubuta wa babban ɗansa, mun aika ta hannun direban tirela da zai tashi ranar Asabar. Mun kuma roƙi masu gwangwan su ɗaga mana ƙafa zuwa ƙarshen wata, sun ce to.